Bashin Karatu da Wuƙar Fawa

Na san abin da kuke gaya wa abokanku in sun tambaye ku aikin babanku. Habsatu takan ce injiniyan abinci ne, Bashir kuwa, da yake shi bai iya ado ba, sai ya ce mai sayar da nama ne. Can garinmu a ƙasar Damagaram akwai masu cewa na zo Faransa karatu na lalace, akwai kuma masu rantsuwa cewa na gama dokta na ɓoye takardar don tsoron bakin mutane. Duk cikinsu ba wanda ya ji labarin daga tushe. Yanzu da gwiwa ta fara hana ni doguwar tsayuwa a bakin tebur, bari in rubuta muku yadda makaranta ta rufe ta bar ni da bashi, da abin da na yi da bashin.

Sai kun fara sanin gidan da na fito, in ba haka ba sauran zai zame muku abin dariya. Gidanmu gidan limamai ne. Kakanku shi ne limamin masallacin unguwarmu, ubansa ma haka. Kowace ranar kasuwa mahauta sukan aiko a kira shi mayanka, ya sa wuƙa da bisimilla, ya wanke hannu, ya juya gida. Fiɗa da sara da sayarwa kuwa na Rundawa ne, wato mahautan gado. A mayanka taku biyu ne tsakanin mai yanka da mai fawa, amma a wajen aure da zaman zaure nisan ya fi ƙarfin ƙafa. Ba ma neman ƴaƴansu, su ma ba sa neman namu, kuma kowa yana gaida kowa da fara'a. Ni dai Allah ya jarrabe ni da son rumfar masu kilishi tun ina ƙarami. In an aike ni sayen albasa, can za a same ni tsugune ina kallon yadda suke buɗe tsoka ɗaya har ta koma faffaɗa kamar zani. Na sha bulala a kan wannan, kuma bulalar ba ta goge abin da ido ya riga ya ɗauka ba.

Da na gama jami'a a Yamai na ɗan koyar, sai wata jami'a a Lyon ta ba ni gurbin masta na shekara biyu kan adana abinci a ƙasashe masu zafi. Tallafin gwamnati ban samu ba, na dai haɗa kuɗin jirgi na taho. Wanda ya karɓe ni shi ne Alhaji Sallau, Ba'adare daga ƙasar Tawa, wanda kuke kira Kaka na Sevran. Yana saurayi mai tallan koli ya taɓa kwantawa ciwo a garinmu, kakanku ya ajiye shi a zaurenmu har ya warke, shi kuwa bai manta ba. Na same shi a unguwar Beaudottes ta Sevran, a gefen Paris, cikin gidan da kwalaye suka fi kujeru yawa. Sana'arsa tara tsofaffin firigo da kayan mota da turare, ya cika kwantena ya aika Kwatano, daga can a hau da su Maraɗi. Mutum ne mai dariya da dukan jikinsa, kuma tun ranar da na sauka ya laƙaba mini Dokta, ban ko ga ƙofar ajin ba. Da ya ga abin da ke aljihuna ba zai fitar da ni sanyin farko ba, sai ya sa babbar riga ya ja ni banki. Suna ba ɗalibai rance, a fara biya bayan shekara biyu, lokacin da ake zaton mutum ya gama ya samu aiki. Amma sai da garan, wato wanda zai tsaya maka, in ka kasa a cire daga asusunsa. Maganar ruwan da ke kan bashin ta dame mu duka, muka yi istigfari a bakin ƙofa muka shiga. Matar bankin ta yi ta nanata wa Alhaji nauyin da zai ɗauka, har ya gaji ya juyo wurina.

"Dokta, gaya mata na gane. Mu can gida da baki ake tsaya ma mutum, kuma shi ke nan. Amma tunda su sai sun ga zane, miƙo bik ɗin, alƙalamin nan, in zana musu."

Shekarar farko a Lyon ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa. Muna zaune a Rillieux-la-Pape ni da wasu ɗalibai biyu ƴan Nijar, ɗaya daga cikinsu Nasiru ne ɗan Maraɗi, wanda har yau in ya zo gidan nan sai ya buɗe tukunya kafin ya yi sallama. Shugabar sashenmu wata dattijuwar farfesa ce da ta yi shekaru a ƙasashenmu, har ta iya cewa sannu da aiki. Ni aikina a kan ƙwarin wake yake, waɗannan da ke cinye wa manomi rabin rumbu kafin damina ta zagayo. Kwalabena na jere a ɗakin gwaji, kowace da wakenta da ƙwarinta, ina duba su safe da yamma kamar mai kiwo. Abin ya kai in na ga wake a kasuwa sai na juya shi ina neman huda. A raina na riga na gama tsara komai: in karɓi takarda, in samu aiki in biya banki, in koma gida in zama mutumin da ya raba manoma da ƙwari.

Da zafi ya shigo, muka gama jarrabawa, farfesa ta tara mu a aji, ga lemo ga kek a kan tebur. Na ɗauka walimar ƙarshen shekara ce, har na riga kowa kai hannu. Sai ta cire tabarau ta ce ita za ta yi ritaya, mu ɗaliban kuma ba mu da yawa, don haka jami'a ta yanke shawarar rufe sashen, babu shekara ta biyu. Ta ce ta yi iya faɗanta, ba a saurare ta ba. Na ajiye kek ɗin. Abokan karatunmu ƴan ƙasa kowa ya nufi inda zai nufa, wani Montpellier, wani gidan ubansa. Ni na yi ta zaga ofisoshi, ko'ina a ce karatuna ya yi kyau amma bai dace da nasu ba, sai dai in sake daga shekarar farko. Na yi rajista a wani sashe don kada takardar zamana ta mutu, ina leƙa aji kamar mai zuwa gaida surukai, amma na san ba ni da abin da zai riƙe ni wasu shekaru biyu. Na je banki na yi bayani. Wani saurayi mai kirki ya saurare ni har ƙarshe, ya yi mini jaje sosai, sannan ya ce ranar fara biya tana nan inda take. Shekara guda ta rage mini, ba takarda, ba aiki.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na kama jirgin cikin gari na RER B har Sevran, ina ta shirya kalmomin da zan fara da su. Alhaji ya bari na gama tsaf, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Lakwal ce ta mutu, Dokta, makaranta, ba kai ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanke hannu, tuwo na hucewa."

Na ci tuwon, har na fara jin sanyi a raina. Amma da na kwashe kwanuka na kai wa matarsa Hajiya Zali a kicin, sai ta rage murya ta gaya mini abin da shi ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Kwantenarsa ta maƙale a tashar Kwatano wata da watanni, jarinsa duk yana ciki. Yana kuma neman rance a bankin nan don ya kama shago ya huta da ɗaukar firigo, ga bayansa ya fara ciwo. In bashina ya faɗo kansa, shago ya tafi, ƙila har gidan da suke haya ya girgiza. Ta ce ba don in damu ta faɗa ba, don in sani ne. A hanyar komawa Lyon na yi wa kaina alkawari ɗaya, cewa ko me zan yi, ba za a taɓa asusun mutumin nan saboda ni ba.

Aikin da na samu a wani shagon naman halal ne a Vaulx-en-Velin, na wani dattijo ɗan Aljeriya da kowa ke kira Ammi Rabah. Ranar farko na kafa masa sharaɗi, ni da na zo roƙo. Na ce zan yi shara, zan wanke tebur, zan ɗauko nama daga mota, amma ba zan riƙe wuƙa ba. Ya ɗauka tsoron jini nake yi, ya yi ta nuna ni ga masu saye yana cewa ga ɗan liman da ba ya son ganin ja. Da na yi ƙoƙarin yi masa bayanin Rundawa, sai ya kalle ni kamar na ce rana daga yamma take fitowa. A wurinsa mahauci mutum ne mai gida da mota wanda ake tashi a ba wa kujera, kuma da fawa ya aurar da ƴaƴansa ga likitoci. A gida kuwa na ce ina aiki a magaza, wato kanti, kuma ban yi ƙarya ba, magaza ce. Sai dai ladan shara bai wuce haya da shinkafa ba, in na ɗora shi a kan abin da banki zai riƙa nema duk wata, sai in ga kamar na ɗora bargon yaro a kan babban mutum.

A shekarun nan Babbar Salla a tsakiyar sanyi take faɗowa. Muka haɗa kuɗi mu ƴan ɗakin muka yi layya ta hannun Ammi Rabah, nama ya zo ya fi ƙarfin ɗan firigonmu. Nasiru ya dube shi ya yi ajiyar zuciya, ya ce da a ce akwai mai iya kilishi a garin nan da ya ba shi rigarsa. Ban san lokacin da na ce na iya ba. Na rufe ƙofar kicin kamar mai sata, na ɗauki wuƙa, sai ga hannuna yana bin abin da na gani a rumfa tun ina yaro. Muka ɗauko abin shanyar tufafi muka kafa a balko, wato barandar bene, muka jera nama falle-falle. Mu uku, duk masu digiri, ba wanda ya tuna cewa rana ce ke wannan aikin a gida, kuma ranar Lyon a wannan watan ba ta zuwa aiki. Da safe Nasiru ya riga mu fita, ya dawo yana rawa da falle ɗaya a hannu, ya sandare ƙam har yana ƙara in an ƙwanƙwasa. Ya ce Faransa ƙasar albarka ce, abin da ke ɗaukar yini a Maraɗi ta yi shi ba ko rana. Muka kwaso muka jera a tebur muna yabon kanmu. Kafin shayi ya tafasa naman ya narke ya koma yadda yake jiya, ashe ƙanƙara ce ta kama shi. Muka mayar da shi balko, hankaki suka gane mu, na ƙasa da mu kuma suka kai ƙara wajen matar da ke kula da benen cewa wani jan ruwa na ɗiga a kan zannuwan gadonsu. Ta hau ta same mu, ta dubi balkon, ta dube mu, ta ce a iya shekarunta na aiki ba ta taɓa hana kowa shanya rago ba sai yau.

A nan ne karatun da aka rufe ya yi mini rana. Na zauna na tuna abin da farfesa ke nanata mana, cewa abin da ke busar da abinci iska ce mai ɗumi marar laima da ke wucewa a kansa, ko daga ina ta fito. Na kunna fur, wato tanderun lantarki, a mafi ƙarancin zafi, na tokare ƙofarsa da muciya, na kafa fanka a gabansa. Na sayo markaɗaɗɗiyar gyaɗa a shagon ƴan Afirka da ke Guillotière, na matse manta har ta koma tunkuza, na dama labu, kunun da ake tsoma kilishi a ciki, da citta da kanumfari da masoro da barkono. Na tsoma, na sake busarwa, na ɗan nuna masa wuta. Nasiru ya ci falle ɗaya, ya shiga ɗaki ya fito da rigar. Na ɗebi leda guda na kai wa Alhaji tsaraba, na same shi ranar Juma'a da abokansa ƴan kasuwa na Kano da Maraɗi sun cika falon bayan masallaci. Wani Bakano ya tauna, ya dubi jama'a yana tambayar wa ya zo daga gida bai faɗa ba. Da aka nuna ni, kafin in sa takalmi kowa ya faɗi nawa yake so sati mai zuwa, wani na matarsa mai ciki, wani na suna, wani kawai don kewa.

Fur ɗin ɗalibai ba zai ɗauki wannan ba. Ammi Rabah ya ɗanɗana, ya sha ruwa kofi biyu, ya ce yana da ɗaki a bayan shago da ba ya amfani da shi. Zai ɗauke ni cikakken ma'aikaci, ya bi mini takardun zama da na masu duba tsabta, mu sayi na'urar busarwa, mu raba riba. Sharaɗinsa shi ma ɗaya ne, in tsaya a bakin tebur in koyi fawa tun daga tushe, da farar riga da wuƙa a hannu, a gaban kowa. Na auna na ga wannan zai biya banki har ya bar mini na shinkafa. Na kuma san cewa labari ya fi jirgin Yamai sauri, domin rabin masu sayen nan duk wata suna hanya. Gara kakanku ya ji daga bakina. Na sayi katin waya na kira salular ƙanena Sanusi, ya kai masa zaure. Muka yi gaisuwa har katin ya fara kuka, sannan na faɗa masa komai, da rufe makarantar, da bashin, da ruwan da ke kansa, da halin da Alhaji ke ciki, da wuƙar. Da na gama sai ya jefo mini tambaya.

"Shi Sallau ya ci wani abu cikin kuɗɗin nan?"

"Ko tamma bai ci ba, Baba."

"To. Na ji."

Daga nan ya tambaye ni sanyi, ya miƙa wa Inna wayar. Bai ce yi ba, bai ce bari ba.

Sauran gidan kuwa sun yi magana har ta yi yawa, Sanusi na kawo mini ita da ɗumi-ɗuminta. Baffannina na can, ƙannen kakanku, suka ce an tura yaro ya zama dokta ya koma bangaro mai fawa, ina za su sa fuskarsu a masallaci. Goggo ta ce a haɗa kuɗi a biya, da aka faɗa mata yawansu a sefa sai ta ce a dai yi addu'a. Gidan da ake yi mini maganar aure suka aiko cewa a ɗan dakata, kuma har yau ana dakatawa. Inna kaɗai ta tambaya ko wuƙar na da kaifi, in kula da yatsuna. Alhaji da ya ji, ya kira ni ya ce in bar maganar, shi zai biya, shago ya jira, uba ba a sayensa a kasuwa. Wannan maganar tasa ita ta gama yanke mini shawara. Na ji tsoro ƙwarai, domin ban taɓa yin wani babban abu ba tare da kakanku ya ce Allah ya yi albarka ba. Amma na kasa samun hanyar da zan kare sunan gidanmu da guminsa shi Alhaji. Ranar Litinin na sa farar riga, Ammi Rabah ya miƙo mini wuƙa ta wajen ƙota, na karɓa.

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa. Duk ƙarshen sati ina cikin jirgin Paris da jaka biyu, jan kilishi daban, fari daban, ƙamshi na sa fasinjoji waige-waige. Ranar da banki ya fara cira, kuɗin na nan suna jiransa, haka kuma kowane wata. Alhaji ya kama shagonsa, ya ware mini kanta guda a ciki, yana gaya wa masu saye cewa Dokta ne ya haɗa da kansa. Uwarku ma a bakin teburin nan na same ta, tana karatun jinya, ta zo ta ce kilishina ya yi tsada, kuma har yanzu ba mu gama wannan cinikin ba. Amma kada ku ɗauka kyauta na samu. Limancin da ake zaton ni zan gada ya koma kan Sanusi, kuma ya fi ni dacewa, sai dai ranar da na ji na kasa cin abinci. Takardar masta ban taɓa riƙe ta ba, kuma har gobe in na bi ta gaban ginin nan sai na tuna kwalabena. Wanda ya fi ciwo shi ne wayar kakanku. Yakan amsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi iyali da aka samu iyalin, amma ya cire "ina aiki" daga gaisuwarsa. Shekara da shekaru ina saurarenta ba ta zo ba.

Sai da na biya watan ƙarshe sannan na je gida, lokacin Habsatu na goye. Na cika jaka da tsarabar kowa, na sa ledar kilishi ɗaya a ƙasa, ban san ko zan fito da ita ba. Na sami kakanku a zaure da ƙannensa, ya tsufa fiye da yadda muryarsa ke nunawa. Na durƙusa muka gaisa. Kafin in gyara zama sai ya ce in tashi in je in gaida Sarkin Fawa tukuna. Baffannin suka sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauka an nuna mini inda matsayina yake ke nan, na ɗauki ledata na fita.

Sarkin Fawa Mato tsoho ne tukuf a lokacin, shi ne mai rumfar da nake tsugunawa ina yaro. Yana ganina ya washe baki ya ce ga yaronsa na Faransa ya zo. Ya karɓi ledar, ya zaro falle ɗaya ya ɗaga shi wajen haske, ya ce gefen ya ɗan yi kauri amma ga ɗan malam ba laifi. Na ce ban san Sarki ya san da ni ba. Ya ce ashe har yanzu ba a gaya mini ba, ya kori yaransa waje.

"Satin da ka yi waya, ran kasuwa, Malam ya yanka mana kamar kullum, amma bai juya gida ba. Ya biyo ni har nan. Ya tuɓe takalmi ya zauna ƙasa, nan inda yarana ke zama. Na ce Malam tashi, za ka ja mini magana. Ya ce roƙo ya kawo shi. Wai ɗanshi zai shiga sana'armu a ƙasar Nasara, kuma ba a shiga gidan mutane ta katanga, in ba ka izini in sa maka albarka."

Ya ci gaba.

"Na ce, Malam, ba ka jin kunyar gari? Ya ce yana ji, har tuwo ba ya wuce mishi. Amma shi ke tsayawa kan gawa yana tambaya ko akwai mai bin ta bashi, kuma ya san irin Sallau, ko an tambaya shiru zai yi don kunya. Ya ce wannan shirun ne ba ya so shi bi ɗanshi kabari. Na sa maka albarka a gabanshi, shi ya ce amin. Ya ce kar in hwaɗa ma kowa sai ka biya."

Na yi kuka a zauren nan, ni da gemuna, Sarkin Fawa na cin kilishina yana ba ni haƙuri da cikakken baki. Da zan tafi ya mayar mini da rabin ledar, ya ce ba shi kaɗai ke da haƙƙi a ciki ba.

Na koma zaurenmu na same su yadda na bar su. Kakanku ya dube ni, ya ga idona, ya san an gaya mini.

"Ka biya mutumin?"

"Na biya, Baba. Ba a taɓa asusunshi ba ko sau ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Mi ke cikin ledar nan?"

Na miƙa masa da hannu biyu. Haƙoransa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai ya yagi ɗan ƙarami ya sa a baki, ya daɗe yana juya shi. Ya ce barkonon ya ɗan yi yawa. Sannan ya sake yagar wani, ya tura ledar tsakiyar tabarma, gaban ƙannensa.

"Ku sa hannu," ya ce. "Gumin ɗana ne, ba bashin kowa a ciki."